Sawun Motar Zlata a Kan Kwalta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya shimfiɗa ƙasa domin bayinSa su taka, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Ya Ubangiji, Ka daidaita mana harshe.

Bayan haka, a unguwarmu da ke kudancin birnin St. Louis na Amurka ba a yi wanda ya kai dattijo Ramiz son 'yar kwaltar da ta taso daga garejinsa ta gangara titi ba. Shi ya tsaya a kan masu aiki har suka danne tsakuwa, suka karkata ta yadda ruwan sama ba zai kwanta ba. Tsaga ko ta kai silin gashi, sai ya durƙusa ya liƙe ta kafin ƙanƙara ta buɗe ta. Maƙwabcinsa Wendell yakan ce masa, "In ka mutu a nan ya kamata a binne ka, sai dai na san ba za ka yarda a haƙa ba."

Da aka sa ranar auren jikarsa Amra, wadda ta tashi a hannunsa, murna ta hana shi zama wuri ɗaya. Akwai kuma alkawari a wuyansa. Matarsa Zlata, kafin ta rasu, ta ce a tsohuwar koriyar motarta za a kai Amra wurin ɗaurin aure, kuma shi zai tuƙa. Tun rasuwarta motar ke lulluɓe a gareji.

Ana gobe biki ya dubi kwaltar, ya ga ta yi furfura. Ya ce surukai ba za su ga wannan ba. Ya fitar da motarsa ta yau da kullum ya ajiye a bakin titi, kamar yadda kowa ke yi, ya ɗauko bokitan baƙin ruwan da ake shafa wa kwalta, ya fara daga bakin gareji yana ja da baya, yana waƙoƙin garinsu na Bosniya har da rausaya da sandar burushi. Da ya kai titi ya jera bokitan a bakin hanya don kada a taka. Rana kuwa ta ƙi fitowa, iska ta yi danshi.

Da safe ya sa kwat, ya yaye wa motar Zlata mayafi, ya ɗaga ƙofar gareji. Ga kwalta baƙa wuluk tana sheƙi, tun daga ƙafarsa har titi. Ya sunkuya ya dangwala yatsa, yatsa ya fito baƙi.

Wendell na tsaye a kan ciyawarsa da kofin shayi. Ya dubi motar, ya dubi yatsan, sai dariya ta zaunar da shi a ƙasa.

"Maƙwabci, ko jikokina sun san mota ake fara fitarwa."

"Ai na fitar," in ji Ramiz.

"Ka fitar da wadda ba a gayyata ba."

Mata suka fito baranda riƙe da farantan burek, gurasar naman Bosniya, ana ta kawo shawara. Wani ya ce a shimfiɗa katako, Wendell ya ce ai liƙewa zai yi. Wani ya ce samari su ɗaga motar, aka tambaye shi su kuma a kan me za su taka. Masu rakiya sun cika titi, sun fara danna oda.

Sai ga Amra ta shigo gareji ta ƙofar kicin, ta tattare farar rigarta a hannu. Dariya take yi har da hawaye.

"Kaka, bar shi kawai, in shiga wata motar. Na san kwaltar nan ta fi ni gata."

Ta faɗa da wasa, amma Ramiz ya lura tafin hannunta na kan murfin motar, tana shafa shi a hankali. Ya sake duban aikinsa, sumul kamar madubi, sai shi ma dariya ta ƙwace masa.

"Shiga, 'yar nema. Kakarki ma ba ta taɓa raga wa kwaltar nan ba."

Ya yi bisimilla ya tayar. Tayoyi suka bi ta kan baƙin ruwan suna caɓal-caɓal, Wendell ya ruga ya ture bokitai, mata suka ɗauki tafi. Motar ta hau titi tana zana layi biyu baƙaƙe har kwana, jerin motoci na biye da oda, Ramiz ya fito da hannu ta taga yana ɗaga wa har waɗanda bai sani ba.

Bayan biki Wendell ya zo da burushinsa domin su rufe sawun. Ramiz ya ce a bar shi. Duk lokacin da ya sake shafe kwaltar, sai ya kewaye layukan nan biyu da ƙaramin burushi, har ajalinsa ya zo.

Allah Ya ji ƙan Ramiz da Zlata, Ya yalwata musu makwanci. Mai karatu kuma, Allah Ya ba shi ikon cika alkawari, Ya sa ya bar sawu na alheri. Amin.