Maɓallan Baba Tela

Maman Biyu mace ce mai saurin hannu, duk wanda ya zauna da ita ya shaida. Kafin yaro ya buɗe baki ya ce yana jin ƙishirwa, kofi na hannunsa. Kafin maigidanta ya gama laluben makulli, ta ɗora masa a tafin hannu tana ci gaba da hirarta. Shekara goma sha tara ta yi a gida a kan wannan hali. Ta raini 'yan biyunta da ƙannensu, sannan ta yi jinyar surukarta shekara shida, tun tsohuwar tana dogara sanda har ta kai sai an juya ta a gado. A da can ta taɓa aikin ofis, amma ko sunan layin da ofishin yake sai ta yi tunani kafin ya faɗo mata.

Bayan rasuwar tsohuwar sai gida ya yi mata faɗi. Ta koma makaranta, tana zama aji ɗaya da sa'annin 'ya'yanta, har ta fito da takardar wani aiki da ita kanta takan sha wuyar bayyana shi. In ta ce a asibiti za ta yi aiki, sai a ce allura? Ta ce a'a. Gashin ƙashi? A'a. Aikinta shi ne ta koya wa wanda ciwo ya kayar yadda zai koma yi wa kansa hidima, irin su riƙe cokali, wanke fuska, sa takalmi, kunna murhu.

Maigidanta ya ce, "Wato abin da kika hana mu koya a gidan nan shi za ki je ki koya wa mutanen gari."

Ta jefe shi da tawul. Amma ku riƙe maganar nan tasa.

Ranar farko aka nuna mata ɗakin aikin, can ƙarshen baranda a hawa na biyu. Ta zaci injuna za ta tarar. Da ta tura ƙofa sai ta ga kamar ta shiga gidan wani. Ga gado da matashi, ga famfo da madubi, ga ɗan murhu, ga kwando cike da riguna. A durowa akwai cokula da aka naɗe wa mariƙi da soso don su yi kauri a hannu. Jikin bango an kafe wani allo mai sakata iri-iri da kwaɗo da kan famfo, duk don a koyi murɗawa. Ta daɗe a tsaye tana kallo. Ashe abubuwan da ta shekara goma sha tara tana yi ba wanda ya kira su aiki, a nan kowanne yana da fayil, yana da awo, ana zama a yi taro a kansa.

Shugabar sashen wata siririya ce mai tabarau, ba za ta wuce sa'ar ƙanwarta ta uku ba, don haka Yaya take ce mata. Ita ta miƙa mata fayil ɗin mara lafiyarta na farko.

"Tela ne, Yaya. Shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Ƙafa ta dawo, yana wanka da kansa, yana ci da kansa. Riga ce ta gagara. Juma'a ta sama za mu gwada shi. In ya sa rigarsa ba taimako, zai koma ɗakinsa da ke bayan shagonsa, maƙwabta su riƙa leƙa shi. In bai iya ba, 'yarsa za ta tafi da shi garin da take aure, a rufe shagon."

Baba Tela dattijo ne gajere mai farin gashi, mai ido kamar na mai zura zare a allura. Kafin ta gama gaishe shi ya gama auna ta.

"Sabuwa ce ke."

"Sabuwa ce, Baba, amma tsohuwa."

"To mun dace. Ni ma tsoho ne, amma wai sabon koyon sa riga." Ya gyara zama. "'Yar nan, shekara arba'in da ɗaya ina buɗe ƙofar shagon nan da hannuna. Gidan 'yata hawa na huɗu ne, taga ɗaya, tana kallon bangon wasu. Ba ni da abokin gaisawa a can ko ɗaya."

Makon farko ya tafi lafiya lau. Kullum da hantsi ta zaunar da shi gaban madubi, ya sa riga, suna hira, kafin ka ce me an gama. Kullum ta rubuta a fayil cewa ya sa riga da ɗan taimako. Ta koma gida tana ba da labari har yara suka fara tsokanarta da Likitan Maɓalli.

Ran Litinin shugabar ta shigo, ta ja kujera gefe ta zauna tana kallo. Da aka mayar da Baba ɗakinsa sai ta cire tabarau ta goge.

"Yaya, maɓalli nawa ne a rigar nan?"

"Shida."

"Nawa ya ɓalla?"

"Duka mana. Na dai ɗan riƙe masa bakin rigar."

"Na farko ke kika tura shi cikin ramin, shi ya ja. Na biyu da na uku ke kika sa yana ba ki labarin keken ɗinkinsa. Hannun rigar ma ke kika ɗaga masa. Ba ki ma san kin yi ba, ina kallon fuskarki."

Maman Biyu ta dubi hannayenta kamar na aro. Ta so ta yi musu, amma yatsunta sun tuna santsin maɓallan nan sarai.

"Mako guda na cinye masa ke nan," ta ce a hankali.

"Saura kwana huɗu. Daga gobe in kin zauna da shi, ki sa hannayenki ƙarƙashin cinyarki ki zauna a kansu. Ba wasa nake ba, ni ma haka aka yi mini."

To, wanda bai taɓa kallon mutum yana fama da abin da shi zai gama cikin ƙiftawar ido ba, ba zai san azabar da ta sha ba. Ran Talata Baba ya yi minti ashirin a kan maɓalli ɗaya. Ya sunkuyar da kai yana neman ramin a ƙirjinsa, hannun hagu ya kamo, na dama ya zo ya wuce, ya dawo ya kama wani wurin daban. Da zarar rigar ta hau jikinsa sai ta rikice masa, ya rasa ina ne sama ina ne ƙasa. Gumi ya jiƙa masa wuya. Ita kuwa tana zaune a kan hannayenta har suka yi tsami.

Ran Laraba ya fusata.

"Makon jiya hannunki na da albarka. Yanzu kuma ƙwai kike kwanci a kai?"

"Baba, makon jiya ni nake sa maka. Laifina ne, ban faɗa maka gaskiya ba don ni ma ban sani ba."

Ya daɗe yana kallonta ta cikin madubi. Sannan ya ce a kira masa mai mayar da shi ɗakinsa, ya gaji.

A motar haya da za ta koma gida, surukarta ce ta faɗo mata a rai. Ta tuna yadda tsohuwar takan miƙa hannu za ta ɗauki cokali, ita kuma ta riga ta, ta ce bari in ba ki, Inna, kada ya zube. Shekara shida. Sai yau take tambayar kanta ko cokali nawa tsohuwar za ta iya kaiwa baki da an bar ta. Ta juya fuska wajen taga har aka zo inda za ta sauka.

Ran Alhamis fankar ɗakin ta tsaya, zafi ya yi yawa. Maman Biyu ta cire farar rigar aikin da take ɗorawa a kan kayanta, ta ajiye a kan tebur kusa da Baba, ta koma ta zauna a kan hannayenta. Shi ko kallon tasa rigar bai yi ba. Ya ce yau ba zai wahalar da kansa ba, 'yarsa ta riga ta sayo akwati. Yana magana idonsa na kan farar rigar. Can sai ya jawo ta gabansa.

"Wa ya ɗinka miki wannan?"

"A nan aka ba mu, Baba."

"Ai na gani. Ɗinkin kamfani. Dubi kafaɗa, ɗaya ta fi ɗaya. Dubi zare a waje kamar gemun akuya."

Ya shimfiɗa ta a kan teburin, wuyan yana can nesa da shi, gindin yana wajen cikinsa. Ya sa tafin hannun dama ya shafe ta sau biyu, ya haɗa bakin da bakin. Yana ta mita a kan telolin zamani da ba sa guga kafin su kafa aljihu. Hannun hagu ya ɗaga ramin, babban yatsan dama ya tura maɓallin, ya shige. Ya sauko na biyu.

Maman Biyu ta zuba wa hannayensa ido. Ko numfashi mai ƙarfi ta ƙi yi. Yatsun nan da jiya suka kasa gane ƙirjin mai su, ga su suna tafiya a kan farin yadi kamar sun san hanya tun kafin a haife ta. Suna rawa, suna jinkiri, na uku ma sai da ya kuɓuce sau biyu, amma ba su ɓata ba. Shi kuwa bai fasa zancensa ba. Na huɗu. Na biyar. Ya kama kafaɗun ya ɗan girgiza, ya tura mata.

"Ramukan dai sun yi daidai, wannan kaɗai zan yaba musu."

"Baba," ta ce, "wa ya ɓalla maɓallan nan?"

Ya dubi rigar. Ya dubi hannunsa na dama, ya juya shi ciki da baya.

"Ikon Allah," ya ce can ƙasa. "Ai ni ban taɓa ba mai kaya rigarsa ba sai na ɓalla ta daga sama har ƙasa a kan tebur, in ga ko ramuka sun hau. Maigidana da ya koya mini ɗinki, in ka tsallake wannan sai ka sha rankwashi."

Ta zaro hannu ɗaya, ta ɗauko tasa rigar, ta ajiye a kan teburin a dunƙule, ta mayar da hannun inda yake.

"Ga ta wani mai kaya, yana sauri. Ka ɓalla huɗu na ƙasa, ka bar biyu na sama a buɗe. In ka gama sai ka zura ta ta ka, hannun dama ya fara shiga."

"Riga mai maɓalli ta ka? Kamar yaro?"

"Wa zai sani in ka fito bakin shago?"

Ya yi 'yar dariya, ta farko tun Litinin. Sau bakwai suka yi a ranar. Sau uku kansa ya maƙale a ciki yana faɗa daga cikin riga, ita tana gaya masa inda wuyan yake da baki kawai.

Ran Juma'a shugabar ta zo da fayil, 'yar Baba ma ta zo, mace mai kama da shi sak, da jan akwati sabo fil a bayanta. Ta zauna kusa da Maman Biyu. Baba ya shimfiɗa rigarsa a tebur, ya shafe ta sau biyu. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fankar da aka gyara. Ya gama huɗun, ya tattaro rigar, ya zura hannun dama, ya sa kai. Sai ta tsaya masa a kunne, hannun hagu yana lalube a iska.

'Yar ta zabura za ta tashi. Maman Biyu ta dafa mata gwiwa.

"Ƙanwata, yi yadda na yi," ta raɗa mata, ta nuna mata inda nata hannayen suke zama.

Matar ta dube ta kamar za ta yi faɗa, sannan ta tura hannayenta ƙarƙashin cinya. Suka zauna su biyu, manyan mata, kamar 'yan makarantar da aka yi wa horo. Hawaye na zubo wa 'yar, ba hannun sharewa. Aka yi minti guda cur. Sai ga farin gashi ya ɓullo, sai goshi, sai idon nan mai auna mutane. Ya ja rigar ƙasa, ya gyara wuyanta a madubi, ya juyo.

"Akwatin nan," ya ce wa 'yarsa, "zip ɗinsa ba zai yi wata uku ba. Ki mayar musu."

Shugabar ta rubuta abin da za ta rubuta, ta rufe fayil. A bakin ƙofa ta tambayi Maman Biyu a wane littafi ta samo dabarar tebur.

"Shi ya nuna mini. Ni dai zama na yi."

Da asibiti ya sallame shi, hanyarta ta komawa gida ta canja, takan bi ta layin shagon. Ba ta shiga. Daga tagar mota take hango shi a kan benci a bakin ƙofa, rigarsa a jikinsa, maɓalli biyu na sama a buɗe, mutane na tsayawa suna gaishe shi.

Wata safiya kuma maigidanta ya fito yana laluben aljihu, ya ɗaga matashin kujera, ya leƙa bayan talabijin. Makullin na nan a kan firij, tana ganinsa daga inda take.

"Maman Biyu, ba ki ga makullina ba?"

"Na gani."

Ya tsaya yana jira. Sai ya lura da yadda take zaune, hannaye biyu a ƙarƙashin cinya.

"Yau kuma a kaina aikin ya biyo?"

"Ci gaba dai," ta ce, "ka kusa."