Ranar Wanke Faifan Baba

Auta ta shiga shagon kayan sauti rungume da faifan garmaho a cikin tawul. Na marigayi Baba ne, guda ɗaya tak a duniya: waƙar da ya rera aka naɗa tun yana saurayi. Shekara talatin yana ƙasan akwati, duk ƙura da fumfuna sun cinye shi. Ga Mama a kwance, jiki ya ƙi daɗi, kullum maganarta ɗaya, tana so ta sake jin muryarsa.

Mai shagon, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya nuna mata na'urori biyu na wanke faifai. Ɗaya tana goge faifai da jiƙaƙƙen burushi, ta zuƙe ruwan. Ɗayar kuwa kwanon ruwa ne, a tsoma faifan yana juyawa a hankali har dattin ya fita.

"Burushin nan ba zai kankare shi ba?" in ji Auta.

"Haba ƙanwata, ai ya fi gashin mage laushi!"

Hankalinta bai kwanta ba. Ta kira Yaya, waya a kashe. Dama shi ba a ganinsa sai an gama wahala. Tsoro take ji sosai. Daga ƙarshe ta nuna ta kwanon, don a ganinta ruwa ba ya karce komai.

"Kawo mu gwada," in ji mai shago. Ya ɗaura faifan, ya kunna, gefensa ya nutse.

Wani tsoho mai gyara da ke ƙurya ya ɗago kai. Sai ga shi da gudu, ya fizge wayar na'urar daga soket.

"Wannan ba na roba ba ne! Farantin ƙarfe ne aka shafa wa baƙin fenti, muryar a jikin fentin take. Ruwa na shiga ƙarƙashi, shi ke nan."

Gefen, inda sautin ke farawa, ya riga ya kumbura, faɗin yatsa, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Tsohon ya tsane faifan da auduga, ya nuna mata inda za ta ɗora allura, gaba da ɓarnar.

A gida ta ɗora shi a kan garmaho. Muryar Baba ta fito tsakiyar baiti, a dusashe amma tasa ce. Mama ta lumshe ido tana murmushi har aka kai ƙarshe.

"Auta, mayar da shi farko, kin tsallake," ta ce. "Kafin ya fara waƙar, sai da ya kira sunana."