Jan Rubutu a Shagon Yakuba

Karo na biyar ke nan Yakuba yana danna shafin rajistar a shagonsa na intanet, karo na biyar kuma wani jan rubutu yana tare masa hanya. Zuwera, 'yar maƙwabcinsa, tana tsaye a bayansa rungume da takardunta. Ƙarfe huɗu za a rufe rajistar jarrabawar shiga makarantar ungozoma, ga shi uku ta gota.

"Rezo ne, ɗiyata, intanet ɗin ba ƙarfi," ya ce da ƙarfi don mutanen da ke shagon su ji. "Kin san halin rezon unguwarmu ta Zongo."

Ƙarya yake shararawa, kuma ya sani. Shekara uku da suka wuce, mai gyara ya sa wa kwamfutocinsa tsarin da ba ya canja fuska, ya ce manhajar shiga intanet ce kaɗai za ta riƙa sabunta kanta. Ranar da ta fara, maɓallai suka sauya mazauni, gogan naka ya yi ta lalube a gaban jama'a. Washegari ya sa aka toshe sabuntawar, yana cewa wai sabon yayi tarkace ne. Alhali idonsa ne ya daina ganin ƙananan haruffa. Da hadda yake aiki, hannu ya san inda komai yake. Mutumin da unguwa ke kira Injiniya, ina shi ina tabarau irin na tsofaffi?

Zuwera ta sunkuyo ta karanta, ta rage murya, ta kira shi da Tonton, wato kawu.

"Tonton, ba rezo ba ne fa. An ce nabigater ɗinku, manhajar shiga intanet ɗin nan, ya tsufa, sai an sabunta shi."

"A ina aka ce?"

Ta ɗora yatsa a kan layin. Shi kuwa can ƙasa yake kallo. Ta dubi allon, ta dubi idonsa, ta janye yatsarta. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta lulluɓe shi.

Cire toshiyar sai mai gyara, mai gyara kuwa yana can nesa, kasuwar Katako. Yakuba ya dubi titi, inda shagon intanet na Mansur ke fuskantar nasa.

"Maza tsallaka shagon Mansur. Ki ce ni na aiko ki."

Ta fita da gudu. Wani mai jiran layi ya ɗago kai.

"Injiniya, ai rezonku ɗaya da Mansur."

Yakuba ya janye hannunsa daga kan maɓallan.

"Ɗaya ne," ya ce. "Ni ne ba na gani."