Kwanon Da Ta Hana

Ɗakin nutsuwa suke kiransa, sunan ma kaɗai ya ishi fursunar da ake kira 'Yar Jami'a takaici. Tabarma, bokiti, da ƙwan lantarki wanda ba ya mutuwa. An kawo ta nan ne don ta ƙi durƙusa wa shugabar gidan yari ta ce ta tuba, kuma ba ta da niyyar faɗin hakan.

"Wa ya taɓa lafiyarki?" in ji likita da ya leƙo. "Ko ƙwarzane babu."

Gaskiyarsa. Ba duka, ba zagi. Magana kawai aka hana kowa yi mata. Hannun wata gandiroba ne ke turo kwanon abinci ta kafar ƙasan ƙofa, ya dawo ya ɗauka, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

"Sannu da aiki, Iya." Shiru.

"Iya, ko bango aka gaisar ai ya yi amsa-kuwwa." Shiru.

Ranar da ta ji an ce "yauwa, sannu", ta yi farin ciki, sai daga baya ta gane bakinta ne ya amsa wa kansa. Ashe hankalinta suke jira ya durƙusa, tunda gwiwa ta ƙi.

Washegari ta cinye abincin tas, ta ɗora kwanon a cinya. Hannun ya shigo, ya lalubi dama, ya lalubi hagu. Ya ƙwanƙwasa. Ita ko ta kishingiɗa tana sakace.

Can aka ja tsaki. "Ke, kwanon."

Muryar tsohuwa ce, a dishe, da alamar mura. 'Yar Jami'a ta runtse ido.

"Wane kwano, Iya?"

"Wanda ubanki ya saya. Miƙo min, ƙafafuna ciwo suke."

"Ayya. Gwiwa ce ko idon sawu?"

"Gwiwa... ke, za ki ja min kora. Wallahi sai an ƙara miki kwanaki."

"A ƙara. Ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi."

Ta tura kwanon. Takun ya yi nisa, ana jan ƙafa ɗaya.

An ƙara kwanakin kuwa. Gari na wayewa hannun ya turo abinci, ya ɗan dakata a kafar.

"Mara kunya," aka ce ƙasa-ƙasa.

"Lafiya lau, Iya. Ya gwiwar?"