Harsashin Ɓaunar Da Ta Juyo

Tun da suka ga sawun garken ɓauna a gaɓar kogin Faro, Hamajam ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya ɗingisa gaba, ya dawo, idonsa na kan bindigar ƙanensa Yawuba.

"Me ka ɗura mata?"

"Harsasai masu taushin baki, huɗu cif," in ji Yawuba. "Su ke buɗewa cikin ƙirji. Harbi ɗaya, sai fiɗa."

"Fiɗar wa, kai ko ita?"

"Haba Hamma, garken zai yi nisa!"

Hamajam ya fizge bindigar ya zazzage harsasan. Ya danna masu taurin baki uku a ƙasa, ya ɗora mai taushi ɗaya a sama.

"Na farkon na ɓaunar da ba ta gan ka ba ne. Sauran kuwa na wadda ta juyo ta nufo ka da goshi. Mai taushi a kan ƙahon nan tuwo ne."

"Kai dai tsoro ya yi maka yawa."

Ciyawa ta motsa a gabansu. Hamajam ya miƙa masa bindigar, ya dafa gurguwar ƙafarsa.

"Ni ma ranar da ɓauna ta yi min wannan, huɗu masu taushi na ɗura."