Sunan da Hammadu Bai Faɗa Ba

Shekara biyu Bushira ta yi tana zuwa ƙauyensu da ke gefen Getso tana naɗar maganar kakanta Hammadu. Karatun falsafa take yi a jami'a a Kano, kuma littafin da za ta rubuta kafin a ba ta shaida a kan tambaya guda yake: shin na'urar nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira tana da sani, ko kuwa maimaita zancen mutane kawai take yi? Hammadu jikan makiyaya ne da ya zauna ya kama noma, amma babu wanda ya kai shi sanin shanu a yankin. Duk abin da ya faɗa mata, ita kuma ta ɗura wa na'urar, har ta iya ba da amsa irin tasa.

"Amarya, kin kwashe mini kai kaf kin zuba a akwati," in ji shi, cikin wasan kaka da jika. "Me kika bar mini?"

"Furfura da rowar goro," in ji ta.

Abu ɗaya ya rage. Jami'a ba za ta karɓi aikin ba sai an gwada na'urar a gaban waɗanda suka san tsohon, sannan shi ya dangwala yatsa a takardar amincewa. In babu yatsansa, wahalar shekara biyu ta tafi a banza.

Ranar gwajin malaminta, Dakta Muzammil, ya iso da hantsi. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida, dattawa tara suka zauna. A cikinsu akwai surukan Hammadu, da Sajo, taubashinsa, wanda ba ya buɗe baki sai da tsokana. Can gefe kuma Uwaisu ne, mahaifin Bushira, ɗan farin Hammadu. Bayan an gaisa an tambayi gajiya da iyali da dabbobi, Dakta ya bayyana yadda za a yi. Hammadu zai zauna cikin zaure tare da Bushira da na'urar. Dattawa za su yi tambaya, ita za ta rubuta amsar tsohon da ta na'urar ba tare da ta canza ko kalma ba, shi kuma ya karanta su duka biyun, su nuna wadda suke ganin ta Hammadu ce.

Aka fara da alamun ciwon hanta a jikin shanu. Biyar suka zaɓi amsar na'ura. Aka tambayi yadda ake gane karsana ta kusa haihuwa, da lokacin da ya dace a ba garke kanwa. Nan ma kawuna suka rabu. Dakta yana rubutu yana murmushi.

Sajo ya gyara zama. "Ku dakata, ni zan kama ɓarawon. A tambaye shi, cikin 'ya'yansa wa ya fi soyuwa a zuciyarsa, kuma wane ne sunansa?"

Dattawa suka yi dariya, domin kowa ya san tarko ne. A gidajensu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna masa ƙauna a idon jama'a. Shekara arba'in da takwas ke nan Hammadu yana cewa "wancan" ko "yaron nan" in zancen Uwaisu ya taso.

Takarda ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito, Dakta ya ɗaga murya ya karanta.

"Amsa ta ɗaya: babu amsa. Amsa ta biyu: Uwaisu ne, ɗana na fari. Ranar da aka haife shi na kora shanu daji na ɓuya bayan kalgo na yi kuka don murna. Duk cikin 'ya'yana babu wanda nake so kamar Uwaisu."

Dariyar ta ɗauke. Wani ya shiga jan carbi. Sajo ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Uwaisu ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya bi hanyar gona.

Hammadu ya fito daga zaure ba tare da sandarsa ba.

"Wa ya faɗi wannan magana?"

"Baba, na'ura ce," in ji Dakta. "Ka kwantar da hankalinka."

"Na ji ta ce ɗana. Tana da ɗa? Ita ta kora shanun? Ita ta yi kukan?"

"A madadinka take magana. Amma bari in tambaye ka, Baba, domin nan ne gindin binciken. Abin da ta faɗa ƙarya ne?"

Tsohon ya ce, "Ba ƙarya ba ne."

"To ka gani. Gaskiya ce, daga gare ka ta samo, kuma ta kawo ta a kan tambayar da aka yi. In wannan ba sani ba ne, mene ne sani?"

"Malam, kai ne mai digiri, ni ko baƙi ban iya ba. Amma a garinku, wanda ya san inda rumbun maƙwabcinsa ya tsage, ya hau kan katanga yana shela, masani kuke kiransa? Labarin kalgo na ba yarinyar nan ne ita kaɗai, ranar da ta zo tana kuka wai ubanta ya yi mata faɗa. Ubanki na ce mata. Ban kira suna ba. Shekara arba'in da takwas harshena bai taɓa sunan nan ba, ko a gaban liman ranar ɗaurin aurensa. Yau akwati ya ɗauki sunan ya cusa a bakina a gaban surukaina. Ina ya samo shi?"

Bushira ta fito ta durƙusa. "Kaka, na rubuta mata sunayen 'yan gida tun farko. Ita ta haɗa."

"Ita ta haɗa! Kin ji ko? Abin da na raba shekara da shekaru, ita ta haɗa kafin ƙiftawar ido. Ke kuma kina zaune kusa da ni, kin ga na rufe baki, kin ga abin da ta rubuto. Me ya hana ki yaga takardar?"

"Ƙa'ida ce kada a canza komai."

"Ƙa'idar wa? Ba a gidan nan aka yanke cibiyarki ba? Dube ni ki faɗa mini gaskiya."

Ta ɗago ido. "Na so Babana ya ji. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin ka dube shi ka yi murmushi ba. Na ce ko sau ɗaya ne ya ji."

"Ashe ke ma ba ki san komai ba. Wa na ba gonar fadama? Wa nake aikawa in za a sayar da sa? Da ubanki ya kwanta zazzaɓi shekarar da aka haife ki, wa ya taka har Gwarzo neman magani ya ce wai kasuwa ya je? Ya sani, Bushira. Ya fi akwatinki sani, kuma bai taɓa buƙatar a karanta masa a takarda ba. Yanzu da wane ido zan dube shi? Da wane ido zai dube ni?"

Dakta ya yi gyaran murya. "Baba, a yi haƙuri. Amma dole in rubuta cewa a wannan tambaya na'ura ta amsa, kai kuma ba ka amsa ba."

"Ban amsa ba? Kai, Sajo! Da aka karanta babu amsa, wa ka ji?"

"Kai na ji," in ji Sajo a hankali. "Tun kafin a karanta ta biyun. Laifina ne, Hammadu. Na ɗana tarko don kura, ya kama ɗan gida."

"To ka ji, Malam. Mutum tara sun ji amsata, kai kaɗai ka ji shiru. Naɗe takardarka. Yatsana ba zai hau ta ba."

Bushira ta fashe da kuka. Dakta ya yi ta bayani a kan shekara biyu da ranar da jami'a ta sa, tsohon ko kallonsa bai yi ba.

Ana cikin haka Uwaisu ya dawo. Bai dubi mahaifinsa ba. Ya tsuguna gaban Sajo ya ce, "Kawu, a gaya wa Baba, ni lokacin da ake karatun nan hankalina yana kan awaki sun shiga wake. Ban ji komai ba. In da hali, kada wahalar yarinyar ta lalace."

Sajo ya juya. "Ka ji abin da ya ce. Ni ma kunnen nan nawa ya daɗe da lalacewa."

"Mu ma ba mu ji ba," in ji sauran, ɗaya bayan ɗaya.

Hammadu ya daɗe a tsaye yana huci. Daga bisani ya ce, "Abin da ba a ji ba, ba a rubuta shi. A cire shi daga takarda, a cire shi daga cikin akwatin, a gabana."

"Baba, wannan ce amsa mafi daraja a duk gwajin," in ji Dakta. "In aka cire ta, littafin zai rage ƙarfi ƙwarai."

Bushira ta share hawaye, ta karɓi takardar amsoshin daga hannun malaminta ta yayyaga. Ta ɗauko na'urar, ta nemo naɗin ranar da aka yi zancen kalgo, ta goge, ta goge sunayen 'yan gida, ta nuna wa Sajo ya shaida, ko da yake shi ma bai iya karatu ba.

Tsohon ya miƙa babban yatsansa, aka shafa tawada, ya danna a takardar amincewa da ƙarfi har ta huje.

"Ki kai musu," in ji shi. "Ke ƙofa a buɗe take. Wannan abin kuwa, kada ya sake tsallake dokin ƙofata."

Ya shige gida bai yi wa baƙo rakiya ba.