Gidan Kan Rami

Shatu na cikin daka ta ji ƙasa tana amsawa a ƙarƙashin turmi kamar ganga. Ta ɗaga kai, sai ta ga tsagar bangon ɗaki ta buɗe har hannu zai shiga. Damina ta biyu ke nan da mijinta Dauda ya gina gidan a bayan unguwar Habbena a Injamena, bayan sun gaji da haya tun zuwansu daga Gusau.

Hajjo, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta zo ta duba. A Injamena aka haife ta, jikar maniyyatan da suka yada zango a hanyar Makka ce. Ta ce da can wurin nan rami ne. Nan ake haƙar laka, a buga tubali, a gasa, amalanke su yini suna kwasa zuwa cikin gari. Da laka ta ƙare, masu aikin suka ƙara gaba, ramin ya zama kududdufi. Daga baya motoci suka yi ta juye shara a ciki, aka rufe da yashi, aka yanka filaye.

"Iya, me ya hana ki faɗa mana?"

"Sai da kuka ɗora kwano na san ku, 'yar nan. Ai baƙi ake sayar wa."

* * *

Dauda ya nemi dillalin da ya sayar musu da filin har unguwar Farcha, bai same shi ba. Ya liƙe tsagar da siminti, ya ce su daure zuwa rani. Shatu ba ta musa ba, ta san ba su da wurin zuwa.

Wata Laraba cikin Agusta ruwa ya sauko da hantsi. 'Yarsu Huseina ta shiga ɗaki ɗauko mayafi, bangon ya zauna a kanta. Maƙwabta suka tono ta da rai, amma ƙafarta ta hagu ba ta sake miƙewa ba.

Ranar da za su koma haya, Shatu na kan amalanken doki, Huseina a cinyarta. Suka bi ta gefen wani fili da aka shimfiɗa wa sabon yashi, ledoji na leƙowa ta ƙarƙashinsa. Wani mutum yana auna shi da taku, matarsa na nuna inda take son madafa. Shatu ta ji Hausarsu, irin ta gida ce. Ta ɗaga hannu ta kira su.

Matar ta ɗago mata hannu da murmushi, dokin kuma bai tsaya ba.